Numfashin da Ba Ya Kumfa

"Haba Atef, saki fuskar nan, kar ka korar mini baƙi," in ji Rayyis Salem, mai jirginmu. "Kai da tukunyar iska ɗaya, Wagdi da huɗu, ta yaya za ka bi shi can ƙasa? Da yanzu gawa biyu muke nema."

Na sani. Amma makon jiya ni ne na ga fitilar abokina Wagdi tana ƙanƙancewa cikin zurfin tekun Dahab, na juya na yo sama.

Bayan magariba na shiga ruwa da baƙin da suka zo yin nutso. Da muka gama, muka riƙe igiyar jirgi muna ɗan dakatawa a ƙarƙashin ruwa kafin mu fito. Sai wani ya dafa kafaɗata, ya gitta hannu a maƙogwaronsa, alamar iskarsa ta ƙare. Nan take na miƙa masa bututun iskata na biyu.

Ya ja numfashi, ya sake ja, ina jin tukunyata tana gurnani. Amma ko kumfa babu, alhali duk wanda ya fitar da numfashi a ruwa sai kumfa ta tashi.

Na haska baƙina, ga su duka a gabana. Sannan na haska hannun da ke kafaɗata. Agogon da na ara wa Wagdi ne ɗaure a kansa.