Tofin Inna

Sabulun da ke bakin randarmu ya bushe har ya tsage, don mai cewa a wanke hannu ba ta nan. Adama, matata, ta rasu bana.

A zamanin soja ɗanmu Ja'afaru ya kwanta asibiti, ƙoda ta tsaya. Aka huda masa ciki aka sa roba, ana zuba ruwan magani ana fitarwa. Likita ya ce kada kowa ya taɓa wurin, ƙwayar cuta za ta shiga.

Sai ga Innata daga Kwarbai. Ta kama bandeji za ta ɗaga ta yi tofi, Adama ta riƙe mata hannu.

Da na je gida Inna ta ce, "Garba, yawun da na tauna maka tuwo da shi ne ya zama guba? Ka sake ta."

"To Inna, wa zai yi jinya?"

"Ya warke tukuna, sannan ka sake ta."

Na kasa gaya wa Adama. Ina roƙon Allah yaro ya warke, ina kuma tsoron ranar sallama.

Wata rana Adama ta fita alwala, Inna ta ɗaga bandeji ta yi tofinta. Bayan kwana biyu ruwan da ke fita ya koma kamar koko, jikin Ja'afaru zafi, ba ya bari a taɓa cikin.

Nas ta tsare Adama a gabanmu. "Wa ya buɗe wurin nan? Kashe shi za ki yi?"

Adama ta san Inna ce. Ta sunkuyar da kai. "Sista, ki yi haƙuri."

Inna ta miƙe. "Ke 'yar nan, bar yi wa surukata tsawa. Ni ce."

Aka sa magani a ruwan har ya washe, ƙodar ma ta tashi. Inna ta ɗauki sabulu ta tsare ƙofa, duk mai shiga sai ya wanke hannu. Ko da limaminmu ya zo dubiya, cewa ta yi, "Malam, daga nan za ka tofa, Allah yana ji."

Ranar sallama na ce, "Inna, batun nan fa?"

"Wane batu? Ka taɓa yarinyar nan ka gani."

Ja'afaru yanzu 'ya'yansa uku. Shirun Adama ne ya riƙe aurenmu, mai haƙuri ba ya taɓewa.

Ku taya ni roƙo: Allah Ya jiƙanta, Ya wanke ta daga zunubi, Ya haɗa ta da Inna a Aljanna. Amin.