Lauyan Da Ya San Kowa

Akwai gajen haƙurin da ke kai mutum inda ba a dawowa, kuma irinsa Auta yake da shi. Ya gama karatun lauya da sakamako mai kyau, ya samu gurbi a ofishin wani tsohon lauya, amma aikinsa bai wuce ɗaukar fayil ba. In an je taron lauyoyi, sai ya raɓe jikin bango da katunansa masu ɗauke da sunansa a aljihu, har a watse babu wanda ya tambayi sunansa.

"Yaro, aikin nan da jama'a ake yin sa," in ji ogansa. "Ka gaisa da mutane, ka je ta'aziyyarsu, ka kira su ko ba ka neman komai. A hankali za a san ka."

Wannan "a hankalin" ne Auta ba ya son ji.

Wani direba ya yi masa kwatancen boka a bayan wani kango. Da rana tsaka ya je, amma ɗakin duhu ne ƙirin, sai ƙarnin tsohon jini. Ƙahonni a rataye, ga baƙar tukunya a tsakiya an ɗaure mata wuya da jan ƙyalle.

"So nake duk wanda na ba hannu, kada ya manta da ni," in ji Auta.

"Yanzu wa ya san ka?"

"Babu kowa. Sai 'yan gidanmu."

"Sun isa," in ji boka.

"Me zan biya?"

"Na cikin tukunyar zai ɗauki nasa da kansa."

Lauya guda, mai karanta yarjejeniya layi-layi, amma bai tambayi mene ne nasan ba. Boka ya ƙona katinsa ɗaya, ya zuba tokar a tukunya, ya ce ya tura hannun dama. Wani hannu mai sanyi ya kama nasa daga ciki, suka gaisa.

Daga nan duniya ta buɗe. Manyan lauyoyi suna tsallako taro su rungume shi, attajirai suna layi a sabon ofishinsa, wayarsa ba ta hutawa.

Yayansa ne ya fara wuce shi a hanya kamar bai taɓa ganinsa ba. Wata safiya matarsa ta farka ta ga baƙon namiji a ɗakinta, alhali Auta ne, ta fasa ihu, hankalinta bai sake dawowa ba. 'Yan gidan suka tashi neman Auta, wai ya ɓace, alhali yana tsaye gabansu yana rantsuwa. Baƙin ciki ya kashe mahaifinsa. Wajen zaman makoki aka shimfiɗa masa tabarma cikin baƙi, yayansa ya gode masa da ya zo.

Ya koma kangon, ya tarar da ɗaki fayau.

Ran nan sakatariya ta shigo da wata tsohuwa, ƙafa duk ƙura, mayafi a karkace. Mahaifiyarsa ce. Ta durƙusa gaban teburinsa.

"Inna, tashi. Ni ne."

"Allah ya yi maka albarka, yallaɓai, da ka ce min Inna. Haka shi ma yake ce min." Ta share hawaye. "An ce babu wanda ba ka sani ba. Don Allah ka nemo min Autana kafin in mutu."

Ya riƙe hannunta yana kuka. Ta janye a hankali, don ba ta saba bai wa baƙo hannu ba.

Kai mai gaggawar a san ka, ka ji tsoron Allah. Tsafi ba ya ba ka mutum sai ya ƙwace wanda ya fi shi.