Ramin Waya a Bayan Tabarma

Ranar Litinin aka gano filin wata bazawara, Hajiya Kulu, da ke Ƙofar Kaura ya koma sunan wani ɗan majalisa a kwamfutar wani ofishin rajistar filaye. Kafin azahar an kulle Garba, magatakardan da shi kaɗai ya san lambar sirrin shiga.

Sufeto Muhyiddeen ya fara da shi.

"Wa ka ba lambar?"

"Ranka ya daɗe, ko matata ba ta sani ba."

"Mi ya faru kafin nan?"

"Na'urar ta yi ta mutuwa, sau shida cikin wata guda. Muna cewa wuta ce. Allah ya saka wa Injiniya Yari, kafin mu tura ɗan acaɓa ya iso."

Yari shi ne ɗan kwangilar da ya kafa na'urar bayan an koma mulkin farar hula. Shagonsa yana Batagarawa.

Mai kula da janareta ya rantse duk ranakun shida akwai wuta, masu shaguna na kusa suka tabbatar. Sufeto ya sallami mai janaretan.

Sai ya ɗauko Malama Ramla, mai koyar da kwamfuta a wata kwaleji. Ta yi awa uku a gaban allon.

"Ba da lamba aka shiga ba," ta ce. "Bayanan ba a kwamfutar suke ba, suna wani akwati da take tambaya ta waya. Duk amsar da ta zo, karɓa take, ba ta auna tsawonta. Ka juye tiya a kwanon sha, sauran ya zube kan abin da ke kusa. Abin da ke kusa shi ne umarnin da take bi. Wani ya yi shigar akwatin. Sau shida ya kuskure ta mutu, a na bakwai ta bi shi."

"Daga ina?"

"Daga cikin ginin nan."

Sufeto ya bi wayoyin ɗaki-ɗaki. Ta ƙarshe ta ƙare a ɗakin salla, a wani ramin jona waya bayan tabarmin da aka jingine. Ƙura ta rufe bangon, ban da bakin ramin.

Ya sami Yari a shagonsa.

"Injiniya, an ce kana tsawaita nafila."

"Laifi ne, yallaɓai?"

"Mutuwar na'ura shida, duk bayan azahar, duk kana ɗakin salla, jakarka a jikin bango da ƙaramar kwamfuta a ciki. Ka san ba mai katse mai salla, ba mai taɓa kayansa. Shi ya sa kake isowa daga Batagarawa kafin a kira ka. Dama kana cikin ginin."

Yari bai musa ba. Ya gyara hularsa.

"Wane alƙali zai karanta abin da Malama ta gani?"

Babu. Lauyan gwamnati ya duba rahoton, ya ce kotu takarda mai sa hannu ta sani. Ramla ta ce gyaran ɓarakar sai masu manhajar can waje, kuma wasiƙa biyu ta rubuta ba amsa.

An saki Garba bayan kwana goma sha tara, amma an riga an ba wani kujerarsa. Sufeto ya raka shi ya kwashi kayansa. Hajiya Kulu na zaune a baranda da tsohuwar takardarta a leda. Suna fitowa allon ya yi baƙi.

Daraktan rajistar ya leƙo daga ofishinsa.

"A kira Yari," ya ce.