Hannun Da Ba Ta Miƙa Ba

"Kada ki taɓa shi!"

Wadda ake wa laƙabi da Ƙararrawa ce ta kurma ihun, ta damƙe wuyan hannun budurwar da ta tsallako igiyar filin tsere da gorar ruwa. A gabansu saurayinta Siriri na kwance rub da ciki a kan kwalta, haɓarsa na jini, ga layin ƙarshe nan gaban hancinsa.

"Sake ni, muguwa! Ɗan yayar uwata ne!"

"Ko ubanki ne!"

Dokar tsere ke nan: wanda ya faɗi shi zai tada kansa, hannu ya taɓa shi an soke sunansa. Ƙararrawa ta san haka, don kullum asuba tare suke gudu kafin ciwon gwiwa ya mayar da ita kan keken ɗinki. Shi mai facin taya ne. Ukun farko a tseren yau wani kamfanin siminti zai ɗauka aiki, kuma aikin nan babanta ke jira kafin ya saurari maganar aurensu.

Biyu sun riga sun shige.

Ta durƙusa dab da kunnensa, ta harɗe hannayenta a baya don kada su ci amanarta.

"Tashi, masoyina... tashi! Ga na huɗu nan tafe!"

"Ƙafata ta mutu..."

"To ja ciki! Malalacin banza, ja ciki na ce!"

Ya ja. Da gwiwar hannu, da haɓa, yana barin jini a kwalta, har ƙirjinsa ya hau layin.

Wayyo daɗi! Ta yi tsalle a kan gwiwar da likita ya hana ta wahalarwa, tana dariya tana kuka, har da rungume wata tsohuwa mai sayar da ruwa. Tunda take ba ta taɓa jin farin ciki irin wannan ba.

Ba ta lura ba, budurwar nan ta ɗaga waya tun ɗazu. Ita ma ta san dokar sarai. So take a soke shi ya rasa aikin, auren ya lalace. Da hakan bai yiwu ba, sai ta kai wa mahaifiyarsa bidiyon, an yanke farko an yanke ƙarshe.

Uwa kuwa ba ruwanta da dokar tsere. Ɗanta ta gani cikin jini, da wata a kansa tana zaginsa.

Ƙararrawa ta bi ta har gida. "Mama, wallahi da na taɓa shi..."

"Kada ki ƙara ce min Mama! Kin ɓoye hannu a baya kamar kin ga kashi! Ranar da ya kwanta ciwo fa? Ja ciki za ki ce masa?"

"Don shi na yi..."

"Don albashi dai. Fita min daga gida!"

Bayan sati ya zo shagonta da sabuwar rigar kamfani. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula.

"Ta ce in na aure ki ba ta yafe min ba."

Ba ta daina taka keken ba.

"Ka yi mata bayani?"

"Har da alƙalin tseren na kai mata. Ta ce shi ma ba shi da imani."

"Rigar ta yi maka yawa a kafaɗa," ta ce. "Kawo in rage."

Ta rage, hawaye na ɗiga a kan zaren. Ya sa, ta zauna masa ɗas, ya tafi.

Shekara ta kewayo, ranar tseren ta dawo. Ga ta a bakin igiyar nan, ta yi wa kanta alkawarin ba za ta buɗe baki ba. Can ƙarƙashin rumfa amaryarsa ce, mai gorar ruwan bara, tana latsa waya.

Sai ga shi ya ɓullo kwana, kafaɗa ta faɗi, ƙafa na ja.

"Ɗaga gwiwa, malalaci! Ɗaga!"

Bai waiwayo ba.

Amma takunsa ya buɗe, ita kaɗai ta gani. Ta bi bayansa da ido har ya shige cikin mutane, hannayenta a harɗe a baya.