Daidai Hannun Mama

Ranar da Auta ta fara shiga shagon katako, ƙurar siminti ce har a gashin girarta, ga yatsa ɗaya naɗe da filasta. Ta miƙa wa saurayin da ke bayan injin yanka wata tsohuwar takardar jarrabawar ɗalibanta, wadda ta cika bayanta da lambobi. Ko gaisuwar kirki ba ta iya yi ba don gajiya.

Ya kashe injin, ya karanta takardar sau biyu.

"Wane kafinta ne ya aiko ki, Malama?"

"Ba wanda ya aiko ni. Ni zan yi aikin."

Masu jira a kan benci suka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya jawo mata kujera, ya kaɗe ta da hularsa.

"Kantar kicin ce wannan. To me ya sa ta yi ƙasa haka?"

Ba ta yi niyyar faɗa wa kowa ba, amma sai ta ji bakinta ya buɗe. Shekara guda ke nan da Mama ta kamu da shanyewar ɓarin jiki, ta koma zama a keken marasa lafiya. Tun daga nan ba ta ƙara leƙa kicin ɗinta ba, domin kantar ta yi mata tsawo, famfo ya yi mata nisa. Abinci ma sai an yi ta lallashi take kai loma biyu. Auta ita kaɗai ta rage a gaban iyayenta, yayyenta duk sun yi aure sun yi nisa. Shi ne da aka ba da hutun makaranta na sati shida ta ɗauki guduma ta rushe tsohuwar kantar da hannunta.

Saurayin, wanda shi kansa kafinta ne, ya yanka mata katakon, ya goge gefen kowanne don kada ya soke ta, sannan ya rubuta lambarsa a ƙasan takardar.

"In kin maƙale ki turo hoto. Ba zan karɓe miki aikin ba, na ga alamar wanda ya gwada zai sha guduma."

Ta yi murmushi ba ta shirya ba, har ta ji kumatunta sun yi mata wani iri don an daɗe ba a more su ba.

Ta kuwa maƙale tun kafin la'asar. Ta tura masa hoton ƙusa uku da suka lanƙwashe a bango.

"Oga, bangon nan bai yi miki laifin komai ba," ya rubuto. "Ki fara huda shi, ki sa roba a ramin, sannan ki ɗaura noti. Kin ci abinci?"

"Ban ci ba."

"To ajiye gudumar. Mai yunwa ba ta awo daidai."

Haka abin ya fara. Kullum da hantsi hoto ya tafi, amsa ta dawo. Ya koya mata yadda ake sa kwalbar ruwa a kan kanta a gane ko ta karkace, da yadda ake barin sarari tsakanin tayil da tayil. Ita kuma ta koya masa cewa malamar firamare ba ta yafe kuskuren rubutu, ko a saƙon waya ne. Kafin sati biyu ya daina ce mata Malama, ta koma Ogata. Ita kuwa da ta ga ta rubuta "Kafintana" a wayarta, sai ta yi sauri ta kife wayar kamar wani na kallonta.

"Ogata, yau ban ga hoto ba, shagon ya yi min faɗi."

"Hannuna ya kumbura, Kafintana. Ko cokali ba na iya riƙewa."

"Sannu, sanyin idona. Ki sa shi a ruwan ɗumi. Da ana aron hannu da na aiko miki da nawa biyu."

Son sa take yi, ta kuma sani. Sai dai a gidan nan ko son ma sai mutum ya samu ƙarfin yin sa. Tana tashi ta yi wa Mama wanka, ta dafa abinci a ƙaramin gas a tsakar gida tunda kicin ya zama kango, ta wanke kwanuka a bokiti, sannan ta shiga ƙura. Bayanta ya riƙe, gwiwoyinta sun yi baƙi don durƙuso.

Baba yana kallon duk wannan daga kujerarsa a falo, abin yana cin sa. Tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya, shi ma ya gaji har ba ya iya ɓoyewa. Akwai ɗan amininsa, wani ɗan kwangila mai gina wa mutane gidaje, da ya daɗe yana neman Auta. Ya yi wa Baba alkawarin in aka ba shi aurenta zai kawo mai aiki ta zauna da Mama, ta yi girki, ta yi komai.

Ranar da Kafinta ya kawo mata ƙofofin kabad a motar shago, ya durƙusa ya gaida Baba. Baba ya amsa a taƙaice, ya bi ƙurar da ke wandonsa da kallo. Yana tafiya aka kira Auta.

"Na ga yadda kike kallon yaron nan. Ba zan yi miki dole ba, Auta, amma ki ji ni. In kin tafi gidansa wa zai tsaya wa uwarki? Shi da ke tsaye a shago tun safe har yamma?"

"Baba, in kicin ɗin ya yi, Mama za ta iya da kanta."

"In ya yi. Hutunki saura sati uku. In ya ƙare uwarki ba ta dafa ko ruwan zafi a ciki ba, ki rufa mana asiri ki ba wancan amsa, mu huta gaba ɗaya."

Ta koma kicin ta ɗauki sikundireba.

A sati na huɗu ta gama. Farin tayil a bango, kanta mai sheƙi, kabad jere a ƙasa daga wannan bango zuwa wancan, kowanne da ƙofarsa. Ɗan kwangila ya zo gaida Baba, ya leƙa kicin ɗin yana kaɗa makullin mota.

"Kin yi ƙoƙari fa. Amma bari kawai in turo yarana su rushe shi, kwana uku sun yi miki na zamani."

Ta haɗiye abin da ya taso mata. Yana fita ta ɗauki hoto ta tura wa Kafinta, tana jiran kalmar da za ta wanke mata rai.

"Ya yi kyau, Ogata, wallahi ya yi. Amma sai an cire kabad biyu na tsakiya, kuma ina jin famfon ma sai ya tashi. Wane hannun Mama ne ke aiki?"

Ta karanta, idonta ya rufe. Sati huɗu na ciwon baya, shi ne kowa ya zo da nasa rushewar.

"Ashe duk ɗaya kuke," ta rubuta. "Na gode da katako."

Ya kira sau uku, ba ta ɗauka ba. Ya turo saƙo ɗaya: "Ki yi haƙuri in na faɗe shi ba daɗi. Ina nan." Daga nan bai ƙara damun ta ba, ita kuma shirun nasa ya fi kiran ci mata rai.

Washegari ta yi wa Mama kwalliya, ta turo ta zuwa kicin, Baba na biye da su. Idon Mama ya yi haske da ta ga tukwanenta. Ta miƙa hannun dama za ta taɓa kanta, sai gwiwoyinta suka daki ƙofar kabad, keken ya tsaya. Auta ta juya shi gefe don ta matso. Yanzu kuma hannun hagu ne, wanda ya mutu, ke kusa da famfo. Mama ta yi ta miƙa na daman ta saman jikinta, saura kamar taƙi guda ta kai. Ta gwada sau biyu, sannan ta mayar da hannun cinyarta.

"Mai da ni ɗaki," ta ce a hankali, da harshenta da ya yi nauyi.

Baba bai ce ai na faɗa miki ba. Da ya faɗa ma da ya fi sauƙi.

Da Mama ta kwanta, Auta ta turo keken shi kaɗai zuwa kicin, ta zauna a ciki, ta ɗora hannun hagu a cinya ba ta motsa shi ba. Ta gwada kunna famfo, ta kasa. Ta gwada buɗe kabad, ƙofar ta bugi ƙafarta. Nan ta zauna ta yi kuka mai isarta, irin kukan da gajiya ke hana shi fita da ƙarfi. Sannan ta ɗauki waya.

"Na dama ne ke aiki. Na auna keken tana barci don kada in tayar mata da hankali. Ita ban auna ta ba. Ka yafe min, Kafintana."

Amsar ta zo kafin ta ajiye wayar. "Ba abin yafewa, Ogata. Ki roƙa min izini wurin Baba, gobe zan zo da tef ɗin awo."

Baba ya ce ya zo, tunda dai kwana goma sha biyu ne suka rage, ba abin da za su canja.

Da Kafinta ya iso bai nufi kicin ba. Ya nemi a fito da Mama falo, ya durƙusa a gaban kekenta har kansa ya yi ƙasa da nata.

"Mama, ni baƙo ne a kicin ɗinki, ke za ki koya min. In za ki yanka albasa, a ina kike son hannunki ya sauka?"

Mama ta daɗe tana kallon sa. Shekara guda ana yi mata komai, ana yanke komai a kanta, ba wanda ya tambaye ta ko gishiri a ina take so a ajiye. Ta ɗaga hannun dama ta tsayar da shi a iska. Ya auna daga ƙasa zuwa tafinta. Ya ce ta miƙa gaba iya ƙarfinta, ya auna. Ya tambaye ta tukunyar da ta fi so, da inda wuƙa ke zama, da ko tana son ganin taga in tana wanke-wanke. Maganar Mama tana fita da ƙyar, shi kuma bai taɓa ƙarasa mata jimla ba, sai ya jira. Baba ya sauke jaridarsa yana kallo, bai sake ɗaga ta ba.

Auta ce ta cire kabad ɗin biyu da hannunta, tana kwance notin da ta sha wuya ta ɗaura. Shi yana zuwa bayan ya rufe shago, ya riƙe mata katako, ya miƙo mata abin aiki. Suka mayar da famfo dama, suka sa masa dogon mariƙi da ake turawa da gefen hannu. Suka manna faranti a kan kanta, mai ƙusa biyu masu tsini, yadda albasa za ta tsaya ba sai an riƙe ta ba.

"Kin gaji, Ogata."

"Na gaji har ban san inda gajiyar ta tsaya ba."

"Saura kaɗan. In an gama, duk kicin ɗin da za ki ƙara shiga ni zan yi shi, ke sai dai ki ba da oda."

"Ka fara tambayar Baba tukuna."

Ranar ƙarshe ta hutu, da hantsi, Mama ta hana a tura ta. Da hannu ɗaya da ƙafa ɗaya ta ja keken har gwiwoyinta suka shige ƙarƙashin kanta. Ta tura mariƙin famfo, ruwa ya zubo. Ta tara buta, ta ja ta a kan kanta zuwa gas, ta kunna. Su uku suna tsaye a bakin ƙofa, ba mai ƙwaƙƙwaran motsi. Shayi kawai ta haɗa, ya ɗauke ta rabin awa, rabinsa ma ya zube a faranti.

Baba ya miƙa hannu don karɓar kofin, kamar yadda ya saba. Mama ta wuce shi ta miƙa wa Kafinta.

"Shekara talatin da biyar ni ake fara ba wa," in ji Baba.

"Shi ya tambaye ni," Mama ta ce.

Baba ya cire gilashinsa ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Da ya mayar, ya kalli Kafinta.

"Sha shayinka kada ya huce. In ka koma gida ka ce wa manyanka ina son ganin su."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Gida ya cika tun safe, yayyen Auta da ƙannen Baba mata suka yi dafifi a kicin, kowa na neman taimakawa. Auta tana ɗaki ana yi mata kwalliya ta jiyo muryar Mama, mai nauyi amma da ƙarfi.

"Wa ya ɗauke min wuƙa daga nan? Ku fita min daga kicin, duk kun cika min wuri!"

Mai kwalliya ta yi ta mita don hawayen amarya sun ɓata mata aiki, amaryar kuwa dariya take tana kuka.

Da lokacin tafiya ya yi, ango da amarya suka durƙusa a gaban keken. Hannu ɗaya ne da Mama, sai ta ce su matso da kawunansu kusa, ta ɗora shi a kansu su biyun lokaci guda.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya hutar da ku yadda kuka hutar da ni. Auta, tashi ki tafi gidanki, ni ina da tukunya a wuta."

Baba ya ce amin, gidan duka ya amsa.