Kukan da Aka Yi wa Mai Rai

Rana ta kusa faɗuwa aka aike ni in mayar wa Lele Saveta baƙin mayafinta da ta manta a wurin ɗaukar fim. Ni direba ne, ba ruwana da kyamara. Kamfanin daga Bukares, babban birnin ƙasarmu, ya zo yana shirya fim mai dogon zango na ban tsoro a ƙauyukanmu na Maramuresh, irin wanda 'yan birni ke kallo suna cin gugguru, suna cewa mu ƙauyawa akwai camfi.

Ina tayar da mota sai ga Horia, mai ɗaukar sauti, ya faɗo kujerar gaba, abin sauraronsa rataye a wuya.

"Doru, tafi da ni wurin tsohuwar nan. Mama ta kira. Yayana Liviu ya yanke jiki ya faɗi a wurin yankan katako. Yana asibiti, likitoci sun rasa gane kansa."

Nan take na tuna abin da aka yi shekaranjiya, don ina wurin.

Lele Saveta ita ake kira ta yi kukan makoki idan an yi rashi a kwarinmu. Darakta ya ce kukan gaske yake so a fim ɗinsa, aka ɗauko ta, aka sa mata makirfo a gaba. Ta dubi Horia ta ce, "Kuka ba ya fita haka nan, ɗana. Ba ni sunan wani naka da ya riga mu gidan gaskiya."

Horia kuwa gaba yake da wansa Liviu tun ranar jana'izar mahaifinsu. Aiki ya hana shi zuwa, Liviu ya goranta masa a gaban dangi. Sai Horia ya kashe mini ido ya ce wa tsohuwar, "Liviu ɗan Gavrila." Na san Liviu na nan da ransa, ƙato mai cinye kwanon tuwon masara shi kaɗai. Da na ce "Lele, wasa yake," da shi ke nan. Amma dariya na yi, har na sarƙe da tari. Tsohuwa ta rufe ido ta kama kiran Liviu, tana nuna masa hanya, tana roƙon waɗanda suka riga shi su fito su tare shi.

Muka bar kwalta muka kama hanyar daji. Horia sai murza waya yake.

"In ta ji gaskiya za ta iya janye kukan, ko?"

"Magana zarar bunu ce, Horia."

"Kai ma ai ka yi dariya."

"Na yi."

Kunya ta hana ni kallonsa. Tsoro bai zo ba tukuna, kunyar ce ta cika motar.

Daf da mararrabar da ke da gicciyen katako, warin kyandir ya shigo mana, alhali gilasai a rufe suke. Bayansa ƙamshin dafaffiyar alkamar sadakar mamaci. Bayansa warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Na rage gudu. Mutane ne a kan hanya, cikin baƙaƙen kaya, ɗauke da akwatin gawa. Sun tsaya a mararraba kamar yadda ake tsayawa da mamaci. Na kashe mota, na cire hula, na yi alamar gicciye.

Sai na lura ba ƙararrawar coci. Ba limamin coci. Ƙafafunsu ba sa taɓa laka.

Kukan ya taso. Muryar Lele Saveta ce, amma ba ta cikinsu, kuma ba bakin da ke motsi. Kowace gaɓa daidai da ta shekaranjiya. A tsakiyar kukan na ji wani ya ƙyalƙyale da dariya, ya sarƙe da tari.

Ni ne.

Suka matso. Akwatin a buɗe yake. Farin ƙyalle, matashin kai, ba kowa a ciki.

Wani dattijo ya rabu da su ya zo gefen Horia. Rigar fatar tunkiya ce a jikinsa, an ɗaure masa haɓa da ƙyalle. Gilashin ya sauka da kansa.

Horia ya ce, a hankali, "Baba?"

Dattijon bai nuna ya san shi ba.

"An kira mu mu tari Liviu ɗan Gavrila. Ina yake?"

Na murɗa makulli. Motar ta ƙi.

"Ina yake?"

Hanyar asibiti tana hannun dama, fitilun garin ma ana hango su. Dattijon ya fara juya kai can.

"Ni ne," in ji Horia. "Ni ne Liviu."

"Horia, rufe bakinka," na raɗa masa.

"Ni ne, Baba. Ni na yi kiran."

Hannaye biyu suka shigo ta taga suka dafe kunnuwansa, suka fara jan kansa waje. Sanyi ya cika motar. Na riƙo ɗamarar wandonsa da hannu ɗaya, ɗayan yana kan makulli.

Na murɗa.

Na sake murɗawa.

Ta tashi. Na sa giyar baya na take. Wani abu ya tsinke, Horia ya faɗo jikina. Da baya da baya na yi ta gudu har kwalta, kukan na bin mu, dariyata na ciki.

Da na tsaya, jini na bin wuyansa ta gefe biyu. Na kira sunansa. Bai waiwayo ba.

Kafin gari ya waye Liviu ya buɗe ido ya ce a ba shi abinci. Horia kuwa bai sake jin komai ba, mutumin da kunne ne abincinsa. Da rana tsaka na kai wa Lele Saveta mayafinta, na faɗa mata komai. Ta karɓa, ta rufe mini ƙofa. Tun daga ranar ba ta sake yi wa kowa kuka ba, matattunmu shiru suke tafiya.

Liviu ya ɗauko ƙaninsa ya dawo da shi gida, gaba ta mutu. Bai san komai ba, Horia ya sa na rantse. Da fim ɗin ya fito suka gayyace ni kallo. Ana zuwa wurin kukan, Liviu ya tashi zaune da murna, ya daki kafaɗar ƙaninsa.

"Doru, ka ji? Sunana ne. Ashe duk fushin nan ɗan banzan yana tunawa da ni."

Horia ya dubi bakin wansa, ya ga dariya yake, shi ma ya yi murmushi.