Lambobin Marivic

Ƙarfe goma da 'yan mintoci na safiyar Laraba, sha bakwai ga wata, mai shara ta buɗe ƙofar matakalar baya ta wani dogon bene a birnin Pasig na ƙasar Filifin, ta ga jini ya sauko hawa-hawa har ya fara bushewa. Ta bi shi sama. A hawa na huɗu ta tarar da mace kwance rub da ciki.

Sufeto Tiburcio Magsino ya iso kafin sha ɗaya. Ya durƙusa ya duba. An fasa ƙeyar matar da tulun kashe gobara, tulun na gefe, gashi manne a gindinsa. Yatsu uku na hannun damanta an karya su baya. An zazzage jakarta, an tafi da wayarta. Takalminta ɗaya yana tsaye daidai a kan matakala ta gaba, kamar shi kaɗai ya ci gaba da tafiya.

"Wanda ya karya yatsun nan tambaya yake yi," in ji Sufeto.

Saja Baluyot, wadda ta girme shi da shekara goma kuma ba ta bari ya manta, ta ɗago katin da ke wuyan gawar. "Marivic Dalisay, shekara talatin da huɗu. A sama take aiki, kamfanin Silong. Ka san shafin ai, Yallaɓai. Ko matarka ta hana?"

"Ke dai karanta kati."

Silong shafin tallace-tallace ne a intanet. Ana sayar da babur a ciki, ana neman 'yar aiki, amma kowa ya san ɓangaren da ke ciyar da shi: tallan mata. Aikin Marivic tantance tallan ne kafin ya fita.

A hawa na tara mai kamfanin, Mista Delfin Yuson, ya tarbe su a ofishi mai sanyi. Yana da kifi ɗaya a cikin gilashi, fari, mai ido a gefe guda kawai, yana ta zagaye ta wajen idon.

"Babban rashi ne," in ji shi. "'Yan ƙwace ne, Sufeto. Unguwar nan ta lalace."

"An ce kuna da shari'a ran Litinin."

"Wata mata ce daga tsibirin Samar. Ta ce an yaudari 'yarta da aikin otal, an kulle ta a ɗaki wata biyar, an sa tallanta a shafinmu. Na tausaya mata. Amma mu bango ne. Wanda ya manna takarda shi ke da laifi, doka ba ta kama bango."

"Idan bangon ya fito da hannu ya gyara takardar fa?"

Yuson ya yi murmushi. "Sai a kawo shaida. Talla miliyan shida ke rumbunmu. Alƙali ya ce masu ƙara su nuna guda ɗaya da muka taɓa, in ba haka ba ran Litinin ya kori ƙarar."

"Marivic ta san da shari'ar?"

"Ma'aikata ɗari biyu gare ni. Ko fuskarta ban sani ba."

A bango bayan kansa akwai hoton bikin Kirsimeti. Marivic ce a damansa, yana miƙa mata tukunyar dafa shinkafa. Saja ta kalli hoton, ta kalli kifin.

Shugaban masu tantancewa, Arnel Tabios, ya zagaya da su ɗakin aiki. Ƙato ne mai sanyin murya, da carbin coci a aljihun gaba. Ya nuna musu akwatunan ƙarfe a bakin ƙofa.

"Nan ake barin waya, Yallaɓai. Ba a shiga da biro, ba takarda. Ko tisu sai mai gadi ya buɗe ya gani."

"Yaushe ka ga Marivic ƙarshe?"

"Ƙarfe shida na safe, da aka tashi daga aikin dare. Ni ban tsaya ba, na hau jifni, motar haya, na tafi gida. Sai sha ɗaya aka kira ni aka gaya mini."

"Tana da abokin faɗa?"

"Wa zai yi faɗa da Ate Vic, yayarmu duka? Wata guda da ya wuce ni na sayo mata kek ɗin ranar haihuwa. Sai dai kwanan nan kanta ya ɗan taɓu. Aikin nan yana yi wa mutum haka. Tana fita tana motsa baki ita kaɗai, ka gaishe ta ba ta amsawa."

Da rana lauyar matar Samar ta kira ofishin Sufeto. Marivic ta zo wurinta makon jiya, ta ce ana goge shekarun 'yan mata daga talla, ana goge duk kalmar da za ta nuna a tsare suke, sannan a saki tallan. Ta ce tana da lambar kowane talla, za ta kawo ran Juma'a.

"A ina ta rubuta?" in ji Saja. "A fatar cikinta?"

Ɗakin hayar Marivic sun same shi a hargitse. An farke katifa da wuƙa, an juye buhun shinkafa, an yayyaga littattafan addu'a. Karenta ƙarami yana bayan ƙofa, an take masa wuya. Babu takarda ɗaya mai rubutun hannu.

Abu ɗaya wanda ya hargitsa ɗakin ya buɗe ya watsar: gwangwanin biskit. Tikitin caca ne cike, sun warwatsu a ƙasa, har da sawun takalmi a kansu. Sufeto ya tsuguna yana tsincewa. Duk na lamba shida ne, kowanne da kwanan watansa, kuma babu lambar da ta maimaitu.

"Kin taɓa ganin ɗan caca da ba shi da lambar da yake so?" in ji shi.

"Mijina shekara ashirin yana buga ranar aurenmu. Bai ci ba, bai kuma gane saƙon ba."

Hatimin tikitin na rumfar Aling Pacing ne, daura da benen Silong. Tsohuwa ce mai shan sigari da wutar a cikin baki, da kyanwa kwance a kan injin buga tikiti.

"Marivic? Wata takwas kullum," in ji ta. "Tana saukowa ba gaisuwa, sai ta zubo lambobi kamar mai amai, uku, huɗu, wani lokaci biyar. Sai an buga sannan ta ce ina kwana. Ko sau ɗaya ba ta taɓa tambayar abin da ya fita ba. Na ce mata, 'yar nan, in kuɗin ne ya yi miki yawa ga ni."

Sufeto ya juya tikiti ɗaya a hannu. Lambar talla a Silong ma guda shida ce. Ya ce wa Saja, "Ga biron nata."

"Yau kasuwa ta buɗe, Allah ya ji ƙanta," in ji Aling Pacing. "Tun azahar layin nan kaf talatin da huɗu da sha bakwai suke bugawa a cacar lamba biyu. Shekarun mamaci da ranar mutuwa, ka san dai. Wanda aka kashe ma lambarsa ta fi zafi."

"Wa ya fara bugawa?"

Ta ture kyanwar, ta jawo naɗin takardar injin tana bi da farce. Farcen ya yi ta hawa sama, ya wuce azahar, ya wuce hantsi. Sai ya tsaya. Tsohuwar ta cire sigarin daga bakinta.

"Bakwai saura minti takwas," in ji ta a hankali. "Peso ɗari biyar. Ina buɗe rumfa ke nan. Har na tsokane shi, na ce wa ya mutu maka da sassafe."

"Wane ne?"

Ta faɗa.

Ran Alhamis alƙali ya sa hannu a takardar bincike. Masana kwamfuta na 'yan sanda suka shiga rumbun Silong da tikiti ɗari bakwai da sha biyu. Kowace lamba ta buɗe talla biyu: yadda aka aiko shi, da yadda aka gyara. Na 'yar matar Samar yana ciki. A ƙasan kowane gyara suna ɗaya ne.

Ran Asabar da la'asar ana zaman makoki a lungun uwar Marivic. An kafa rumfa, maza suna karta don a tara wa gida kuɗin jana'iza. A kan gilashin akwatin gawa uwar ta ɗora ɗan tsako da 'yan ƙwayoyin shinkafa, yadda ake yi wa wanda aka kashe, don duk saran da ya yi ya sauka a zuciyar mai kisan. Tsakon yana ta sara, tak, tak, tak.

Arnel Tabios yana teburin karta, ya juya wa akwatin baya.

Sufeto ya ja kujera ya zauna kusa da shi. "Ka ci ran Laraba?"

"Ci me, Yallaɓai?"

"Talatin da huɗu, sha bakwai. Ka ce ƙarfe shida ka hau jifni. Ka ce sha ɗaya aka gaya maka. Mai shara ma sai goma ta gan ta. Wa ya ba ka lambar mamaci kafin bakwai?"

Tabios ya ajiye kartarsa a hankali. Sai ya kifar da teburin a kan Sufeto, ya zaro wuƙa mai naɗewa daga ƙugu. Saran farko ya tsaga hannun Sufeto daga gwiwa zuwa wuyan hannu. Mata suka watse da ihu. Ya ɗaga zai ƙara, Saja Baluyot ta sauke masa bencin katako a gadon baya, ta ƙara masa a gwiwa har aka ji ƙarar ƙashi. Ya faɗi. 'Yan karta suka rufe shi da duka da ƙafafun kujera, sai da Saja ta harba bindiga sama suka ja baya.

Tabios yana kwance, baki duk jini, haƙori ɗaya a ƙasa kusa da kunnensa.

"Sunana ne a kan komai," in ji shi. "Mista Yuson ya ce a goge, amma da sunana ake shiga. Ya ce in aka gano, shi bango ne, ni ne hannu. Shi ya gaya mini ta je wurin lauya. Cewa kawai na yi ta nuna mini inda ta rubuta. Na karya ɗaya, ta ce ba ta rubuta ba. Na karya biyu, ta ce ba ta rubuta ba." Ya tofar da jini. "Ashe gaskiya take faɗa."

"Cacar fa?" in ji Sufeto, yana ɗaure hannunsa da tawul.

"Na fito na ga rumfar a buɗe. Lamba mai zafi haka, Yallaɓai, kuma ni kaɗai na san ta."

"Ta fita?"

"Tara da ashirin da biyu suka fita."

Saja ta sa masa ankwa. Ta ce wa Sufeto an riga an ɗauko Yuson daga filin jirgi da jaka biyu, kuma lauyar matar Samar ta ce a kai mata gwangwanin kotu ran Litinin yadda yake, kada a goge sawun takalmin.

Aka ɗaga Tabios, 'yan sanda biyu suna jan sa, ƙafarsa ɗaya na bin ƙasa. Hanyar mota ta gaban akwatin take. Da suka zo daidai nan ya kawar da kai. Uwar Marivic ba ta kalle shi ba. Ta buɗe tafin hannunta ta ƙara wa tsakon shinkafa.